Bidiyon Da Ya Ƙi Tafiya Da Sauran

Assalamu alaikum mutanena. Yau ban zo da dariya ba, mai neman nishaɗi ya yi haƙuri da ni. Wallahi ban san wa zan faɗa wa ba in ba ku ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Hafsah. A Gwarinpa nake gidan iyayena, sana'ata haɗa bidiyo, na biki, na suna, na taron ofisoshi, duk abin da aka kawo. Shekarata ashirin da tara, kuma a wajen Ummata wannan ba shekaru ba ne, ciwo ne da ake nema wa magani. Ƙanwata ta yi aure har da goyo. Duk bikin da muka je sai wata gwaggo ta damƙe hannuna ta ce, "Ke kullum ke ce mai ɗaukar amare, ke yaushe za a ɗauke ki?" In yi mata murmushi, a zuci kuwa in ce bakinki ya sari ɗanyen kashi.

Ana haka sai ga Abdulmajeed. Bayan Babbar Sallah muka haɗu, a wani biki a Maitama. Ina durƙushe ina laluben murfin kyamara a ƙarƙashin kujera, sai na ga an miƙo min shi. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, kullum cikin farar shadda da ƙamshi. Ya taɓa aure sun rabu, bai ɓoye min ba. Kuma ku ji da kyau, ba wanda ya tilasta ni, ni na so shi. Abin da ya fara sace min zuciya shi ne yadda yake gane ni ba sai na yi magana ba. Zuwansa na uku ya ce min, "Na san ke mai son zama ke kaɗai ce da yamma." Na ce a raina kai, wannan bawan Allah kamar tare muka tashi.

Asabar ɗin nan za a sa mana rana.

Jiya da ya zo zance ya ajiye min flash a hannun kujera. Ya ce ya tattaro duk bidiyoyin da ya ɗauke ni tun haɗuwarmu, in haɗa mana ɗan gajere da za mu sa a status in an sa ranar.

"Wanzami ba ya son jarfa," na ce masa. "Ni zan haɗa na kaina?"

Ya yi dariya ya ce, "To wa zan ba ya zauna yana kallon min ke?"

A lokacin daɗi maganar ta yi min. Har na juya ido na ce Allah ya shirye ka.

Yau da safe na tafi da shi shago. Shagonmu na sama a wata plaza, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Mai shagon Madam Rita ce, Bagwariya daga Karu, ita ta koya min aikin tun ina bautar ƙasa. Madam Rita ba ta san "ki" ba, kowa "ka" ne a wajenta har uwar da ta haife ta, amma a kan aiki ba ta da wasa.

Bari in ɗan yi muku karatu, ku yi haƙuri, sai da shi za ku gane abin da ya same ni. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna da ake jerawa da gudu har ido ya ɗauka motsi ne. Kyamarorin shagonmu hoto ashirin da biyar suke ɗauka a sakan ɗaya. Waya kuwa talatin take ɗauka, wata ma sittin. In aka kawo maka su a cakuɗe, doka ta farko ita ce ka zaɓi gudu ɗaya da hannunka ka kafa aikin a kansa, sannan ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya ka daidaita su. In ka yi lalaci ka kwaso su gaba ɗaya ka zuba, manhajar za ta dubi na farko a jerin ta tambaye ka, in mai da aikin duka irin wannan? Kana cewa e, shi ke nan, kowa ya koma bin gudun wancan.

Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma ina zuba su Umma ta kira, wai tela ya ce leshin da zan sa ranar Asabar bai isa hannu ba, ko a yi masa ƙari da net? Waya a maƙale a kafaɗa, ina cewa Umma ni dai kada a sa min net, tambayar ta fito na danna e ban ko karanta ba.

Da na kunna, sai na ga komai na tsalle. Ni ce a gidan cin abinci ina ɗaga cokali, hannun na tafiya yana tsayawa. Ni ce a mota ina dariya, bakin na buɗewa a guntu-guntu.

Madam Rita ta leƙo ta bayana, tana cin gyaɗa. "Hafsah, me ka yi wa kwamfuta na?"

"Oga, kuskure ne. Na bari ta bi na farko."

"Shame on you. Amarya ya rikice. Duba nawa ne ya sa."

Na duba. Goma sha biyar.

"Fifteen?" ta ce, ta daina tauna. "Wane waya ne yana ɗauka fifteen?"

Ban kawo komai a raina ba. Na buɗe sabon aiki, na kafa shi a talatin da hannuna, na mayar da bidiyoyin. Na sittin na rage musu gudu suka yi luf, na talatin suka zauna daram. Guda ɗaya ne ya ƙi, yana nan yana tsallensa. Sauran duk sunayen lambobi ne irin na waya, shi kaɗai aka sauya wa suna aka rubuta "Amaryata", shi ya sa ya zo a farkon jeri.

Na buɗe shi shi kaɗai.

Ni ce a tsakar gidanmu ta baya, ina shanya. Doguwar rigar atamfa ce a jikina, wata kore da ta koɗe wadda nake aikin gida da ita. Kaina ba ɗankwali, kitsona rabi a tsefe. Ina ɗaga zani ina yarfawa, ina juyowa ina yi wa wani dariya a gefen hagu, inda hoton ya yanke.

Kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro. Ban taɓa tsayawa gaban Abdulmajeed ba mayafi ba, ko sau ɗaya.

Madam Rita ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta kalla sau biyu, sannan ta ce, "Ƙara sauti."

"Ba shi da sauti, Oga."

"Hmm. Ka ga bai motsa ba? Hannun mutum dole ya yi rawa, ko kaɗan ne. Wannan a kafe yake. Kuma daga sama ne ya ɗauka, ga tsakiyar kanka nan ina gani." Ta ajiye ledar gyaɗar. "Hafsah, wannan ba waya ba ne. CCTV ne. An yanke shi ne a tsaye don ya yi kama da na waya, an cire wajen date."

"Haba Oga. Ƙila turawa aka yi ta yi har ya lalace."

"Turawa yana ɓata kyau, ba ya hawa da mutum sama. Gidanku akwai kyamara?"

Babu. Abbana ya ce shi Ayatul Kursiyyu ta ishe shi.

Na ɗauki waya na rubuta wa Abdulmajeed, har da ɗan hoton dariya don kada ya ji wani abu.

"Ranka ya daɗe, wannan na shanya fa? Yaushe aka sace ni ban sani ba?"

Yana gani ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ni kuwa na zuba wa wayar ido har ta yi duhu na sake taɓa ta.

"Au, ya shiga ciki? Ba na status ba ne wannan. Ranar da na zo gaida Umma na hango ki ta tagar falo."

Kafin in ba da amsa wani saƙon ya shigo.

"Ki goge shi kawai, my dear."

Tagar falonmu titi take kallo. Kuma gidanmu ba bene ba ne.

Jama'a, kun san zuciya in tana so, har ƙarya takan taya mutum gyarawa. Na ce ƙila ya manta ne, ƙila ta ƙofar kicin ya leƙo. Har na ce bari in gyara bidiyon ya daina tsalle in adana abina, don gaskiya na yi kyau a ciki. Akwai dabarar da muke yi wa irinsa. Sai ka sa kwamfuta ta dubi hoton gaba da na baya, ta zana na tsakiya da kanta, goma sha biyar ya koma talatin. Matsalarta ɗaya, in wani abu ya shigo da sauri ya fita, rikicewa take yi ta dame shi.

Na sa mata, muka jira ta gama, na kunna. Tafiyar ta yi sumul. Ina yarfa zani, ina juyowa, ina dariya. Sai wani abu fari ya kunno daga gefen hagu, ya miƙe ya narke kamar fuskar da aka shafe da tafin hannu, ya ɓace.

"Jesus!" Madam Rita ta ja da baya har kujerar ta yi ƙara. "Mene ne wannan?"

Na cire dabarar, na koma kan asalin bidiyon, na sa yatsa a kan maɓalli ina tafiya hoto ɗaya bayan ɗaya. Zani a sama. Zani ya sauko. Na juyo. Sai ga hannu ya shigo, siriri, da baƙin lalle a yatsu da carbi a naɗe a wuyan hannun. Na sake dannawa. Farin mayafi. Na sake dannawa.

Inna Hansatu ce. Kakata, mahaifiyar Abba. Ta sunkuyo daga kan tabarmarta za ta ja min gefen riga, bakinta a buɗe tana tsokanata. A hoto uku kacal ta fito ta koma, shi ya sa wanda ya yanke bidiyon bai lura da ita ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu tun kafin azumi. Abdulmajeed kuwa sai bayan Babbar Sallah ya miƙo min murfin kyamara, ya tambaye ni sunana kamar bai sani ba.

Ban san ina kuka ba sai da Madam Rita ta dafa ni. Na yi kewar Inna, wallahi na yi kewarta, ba ni da wani bidiyonta mai motsi ko ɗaya, kullum cewa take kada in ɗauke ta ba ta shirya ba. Yau ga ta na samu, amma dubi ta hannun da na same ta. Na tuna zaman da nake yi ni kaɗai a dokin ƙofar kicin da yamma. Ashe ba gane ni yake yi ba, gani yake yi.

"Me yake bayan gidanku?" Madam Rita ta tambaya.

"Wani bene. An daɗe da gama shi, ba mu taɓa ganin kowa a ciki ba sai maigadi."

"Ka kwafe wannan a waje biyu. Ka tafi gida ka nuna wa babanka. Yau, ba gobe ba."

Bayan la'asar na hau keke napep na koma gida. Tun daga get ƙamshin mai ya tare ni. Umma na kicin tana suyar dubulan na baƙin Asabar, ta ɗaura zani a kan riga, fuskarta na naso. A falo leshin nan ne shimfiɗe a kan kujera, ruwan zuma da duwatsu, tela ya sa masa net ɗin da na ce ba na so. Na yar da jaka da gyale a kansa na wuce kicin.

"Yauwa, zo ki karɓe ni, bayana ya ƙage," in ji Umma. "Kin ga kayan? Ki gwada kafin magariba."

"Umma, ki kalli wannan."

Na tsayar da shi daidai kan fuskar Inna na miƙa mata. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta nisanta wayar da idonta.

"Allah sarki Inna. Allah ya jiƙanki da rahama."

"Umma, Abdulmajeed ne ya ba ni. Daga benen bayanmu aka ɗauka, da kyamarar tsaro. Tun Inna na da rai ake ɗaukata, tun bai san ni ba."

Na jira ta yi salati. Na jira ta saki wayar, ko ta dafe ƙirji. Sai kawai ta miƙo min abata, ta juya ta rage wutar gas, ta ci gaba da juya dubulan.

"Umma?"

"Rage murya."

"Kin sani?"

"Na ce ki rage murya, Hafsah." Ta tsame dubulan ta zuba a kwando, ba ta kalle ni ba. "Gidan na Hajiya Larai ne, mahaifiyarsa. Ita ta faɗa min da bakinta ranar da suka zo ganin gida. A wani biki ta fara ganinki kina aiki, kin yi mata, ta sa aka bi ki aka ga gidanku. Kin san yadda aurensa na fari ya ƙare. Ta rantse ba za ta sake cinikin biri a sama ba."

"Shi ne ta kafa min kyamara?"

"Bincike ne. Wane aure ake yi ba bincike? Mu a zamaninmu tsohuwa ake turowa ta zo neman aron turmi, ta ƙare wa yarinya kallo ta koma. Su masu hali ne, suka yi irin nasu." Sai a lokacin ta juyo, kuma wallahi da alfahari a fuskarta. "Ta ce min, Hajiya, mun fi shekara muna kallon 'yarki, ba mu ga abin ƙi ba. Ba saurayi ta katanga, ba fitar dare, ga hidima da tsohuwa. Kin san yadda na ji? Wace uwa ce za a faɗa wa haka ba ta gode wa Allah ba?"

"Umma, a tsakar gidan nan nake wanke kai. A nan nake fitowa da ɗaurin ƙirji in ɗebi ruwa. Ke ma haka! A nan aka yi wa Inna wanka!"

Hannunta ya tsaya a kan matsamin. Na ga maganar ta shige ta, amma ta haɗiye.

"Mace ce 'yar uwarki take kallo."

"To ya aka yi ya zo wayar ɗanta, har da suna?"

Ta juya min baya. Mai ya ci gaba da ƙara a kasko.

"Abba ya sani?"

Nan ta saki matsamin ta kama hannuna, da mai da komai. "Kada ki kuskura. Kin san halin ubanki, in ya ji, yau ɗin nan zai aika musu kada su zo. Sai ki ce min wa ya rage? Shekara nawa ina jin gori a dangi? An gayyaci kawunnanki, wasu gobe za su taso daga Yelwa. Ki rufa min asiri, Hafsah, ki rufa wa kanki. Yaron nan yana sonki."

"Na sani, Umma. Ni ma ina sonsa. Shi ya sa nake jin tsoro."

"Ba abin tsoro. An cire kyamarar. Tun ranar da suka zo Hajiya ta ce min ta sa an kwance, aikinta ya ƙare. Abu ya wuce, ki bar shi ya wuce."

Na zare hannuna. Zafin kicin ya ishe ni, na tura ƙofar baya na fita tsakar gida. Ga igiyar shanya, ga famfo, ga inuwar da Inna take shimfiɗa tabarma. A nan na koyi tafiya. Ban taɓa ɗaga kai na kalli benen nan da niyya ba sai yau. Tagoginsa duk a rufe, labule a sake. Na bi bango da ido har ƙarƙashin rufi, sai na hango wani ɗan abu baƙi a kusurwa, bai fi ƙwallon goruba ba. Daga inda nake ba zan iya cewa kyamara ce ko mazauninta ne aka bari ba.

Na tsaya ina kallonsa. A raina ina cewa Allah ka sa Umma ta yi gaskiya, Allah ka sa fanko ne. In an cire, ƙila in iya zama da shi in tambaye shi, ƙila ya ba ni haƙuri, ƙila laifin uwarsa ne shi ma an fi ƙarfinsa. Kun ga har a lokacin ina nema masa mafita.

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Abdulmajeed.

"Ki rufe kanki mana, Hafsah. Hajiya na kusa da ni."

Mutanena, abin da ya fi ba ni tsoro ba saƙon ba ne. Kafin in gama karantawa hannuna ya riga ya kai kaina yana neman ɗankwali. A gidan ubana, ba a ko sa rana ba, har na fara bin umarni.

Na sauke hannun da ƙyar. Wani saƙon ya shigo.

"Ga motar Abba nan ta shigo layinku. Kada ki ce masa komai sai mun yi magana."

Na sake ɗaga kai na dubi abin nan baƙi. Tsakar gida yake kallo. Daga inda yake, ko da tsani ba a hango layinmu, layinmu ta gaban gida yake. To da wane ido ya ga motar Abba?

Sai na ji hon ɗin Abba a bakin get.